Yadda Ake Yi wa Tsohon Saitin Ganga da Simbal Kuɗi, a Sayar da Su ta Intanet

Mafi yawan asarar da ake yi a cinikin tsohon saitin ganga, tun a gida ake yin ta, kafin ma mai saye ya sa ido a kan kayan. Mai kaya ya ɗauko soson ƙarfe ya dirje tsatsa, ya goge simbal, wato faifan ƙarfen da ake bugawa tare da gangunan, har ya yi ƙyalli, ya ɓare tsohuwar rigar gangar, wato robar adon da ke liƙe a jikinta, ya liƙa mata sabuwa, a ganinsa gyara ya yi. Masu neman irin wannan kaya kuwa asali suke saye, wato ganga yadda ta fito daga kamfani, da tsufanta da tabonta. Saboda haka kada ka wanke, kada ka yi fenti, kada ka canza ko sukuru ɗaya, sai ka gama sanin abin da ke hannunka.

Kayan aikin da kake buƙata ba su da yawa: tef na awo mai inci da santimita, sikelin kicin da ke nuna giram har zuwa kilo 5, tocila, makullin ganga, ƙaramin mayen ƙarfe, da littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka gani.

Wace ganga ce?

Tsufa kaɗai ba ya sa ganga tsada. A shekarun 1960 kamfanonin Japan irin su Pearl da Star sun yi ta ƙera ganguna masu araha da icen luwan, ana liƙa musu sunaye barkatai gwargwadon wanda ya ba da oda. Suna da ado, wasunsu ma suna da amo mai daɗi, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na kamfanonin Amurka irin su Ludwig ko Gretsch na zamaninsu ba. Cire fata ɗaya ka haska ciki. In icen ja-ja ne, mai taushi da gautsi, layukansa kuma sun miƙe daga baki zuwa baki maimakon su zagaye gangar, to da wuya in ba irin waɗannan ba ce.

Abu na gaba shi ne bajo, ɗan ƙarfen nan da ke manne a kan ramin iska. Mu ɗauki Ludwig na Chicago, tun da shi aka fi nema kuma shi aka fi yin kuskure a kansa. Gangunansa na shekarun 1960 suna da bajo mai ruwan zinariya, mai faɗi a sama da tsukewa a ƙasa, kuma daga wajen ƙarshen 1963 aka fara buga masa lamba. A 1969 aka koma bajo mai launin shuɗi da kore, mai siffar karkatacciyar murabba'i. Lambar tana taimakawa, amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin ba a jere aka riƙa manna bajojin ba. Shaidar da ta fi ƙarfi tana ciki: yawancin gangunan wancan lokaci suna ɗauke da hatimin tawada mai nuna wata da rana da shekara. Wannan hatimi ba ya jure tsumma mai laima, in ya goge kuwa babu mai dawo da shi. Icen kansa falle uku ne, da zoben ƙarfafawa a kowane baki. Daga farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1968 ana shafe cikin da farin fenti, bayan nan aka bar shi da launin ice. Falle shida marar zobe ya zo ne a tsakiyar shekarun 1970. Idan bajo ya ce abu ɗaya, ice ya ce wani, to an taɓa gangar.

Duba kuma ɗan bututun da ya riƙe bajon ta ciki. Na kamfani a naɗe yake sumul. Wanda aka taɓa cirewa aka mayar za ka ga bakinsa a tauna, alamar cewa an sake riga ko an sauya bajo.

Launin riga ma yana da nasa farashi. Saitin da Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar Beatles, ya kaɗa a shirin talabijin na Ed Sullivan a watan Fabrairun 1964 mai rigar Oyster Black Pearl ne, shi ya sa har yau Ludwig mai wannan riga ya fi ɗan'uwansa mai wani launi kuɗi. Riga takan koɗe, fara ta koma ruwan ɗorawa. In kana son ganin launinta na asali, kwance gidan sukuru ɗaya, wato ƙarfen da ke jikin ganga wanda sukurun ɗaure fata ke shiga, ka leƙa ƙarƙashinsa inda rana ba ta taɓa ba, sannan ka mayar da shi da sukurorinsa.

Sauran kamfanoni kowanne da alamarsa. Gretsch mai zagayayyen bajo, wanda aka yi har zuwa wajen 1970, na baya-bayansa cikinsa fentin azurfa ne, na shekarun 1960 kuma yana da 'yar takarda a liƙe mai lamba. A Gretsch ƙanƙanta ita ce tsada, domin makaɗan jaz suna rububin babbar ganga mai inci 18. Rogers na farkon shekarun 1960 gidajen sukurorinsa na siririn ƙarfe ne kuma suna yawan tsagewa, sai ka ƙirga masu tsaga ka rubuta. Premier na Ingila yana da wata matsala tasa: wasu gangunansa da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1960 awonsu bai yi daidai da na fatun yau ba, sai an nemi fata ta musamman, wadda kamfanin fatun ganga na Remo ke yi. Mai sayen da bai san haka ba zai ɗauka gangar ce ta karkace, ya nemi ka mayar masa da kuɗinsa, don haka faɗa masa tun farko.

Abin da ke rage kuɗi

Auna faɗin kowace ganga daga bayan ice zuwa bayan ice, ba daga zoben ƙarfe ba, sannan ka auna zurfinta. Saitin Ludwig Super Classic faɗinsa inci 22 da 13 da 16 ne, Downbeat kuma 20 da 12 da 14. Maimaita awon faɗi a wurare uku ko huɗu, daga gidan sukuru zuwa wanda ke kallonsa. In bambancin ya wuce milimita 3, gangar ta fara fita daga da'ira, fata ba za ta zauna ba, kuma ba za ta ɗauru daidai ba.

Sai baki, inda fata ke kwanciya. Cire fata da zobe, kifa gangar a kan gilashin tebur, sa tocila a ciki, kashe fitilar ɗaki. Inda haske ya tsiyayo, nan bakin ya lotse. Ɗan siririn haske a tsohuwar ganga ba komai ba ne. Gurbi, ɓallewa, ko rabuwar fallayen ice, waɗannan su ne matsala. Gangar da ta yi shekaru a ƙasashenmu ta sha bushewar hunturu da laimar damina bi da bi, wannan kuwa yana sakin gam, don haka danna zoben ƙarfafawa da yatsa ko'ina ka ji ko yana motsi. Garin ice a ƙasan ganga alamar ƙwaro ne.

Ƙarin rami shi ne babban mai kashe farashi. A shekarun baya makaɗa sun riƙa huda tsofaffin ganguna su ɗaura musu maƙalan zamani. Haska ciki ka bi ramuka ɗaya bayan ɗaya: duk ramin da babu abin da ke zaune a kansa, ko wanda aka toshe da ice ko gam, ka ɗauki hotonsa ka ƙirga shi. Ƙarin rami da sabuwar riga, in suka haɗu a ganga ɗaya, ba abin mamaki ba ne kuɗinta ya faɗo rabi. Makaɗin da zai yi aiki da ita zai saya, amma mai tara kayan tarihi ya fita daga cinikin, shi ne kuwa mai biya da tsoka.

Duba ko gangunan 'yan gida ɗaya ne. Lambobi na kusa da juna, kwanan wata na kusa, ciki iri ɗaya, koɗewar riga iri ɗaya, su ke nuna tare suka fito. In an tattaro su ne daga wurare daban-daban, ka rubuta haka.

Wanki, in ya zama dole, kada ya wuce tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu a kan riga da ƙarafa, a tsane nan take. Ciki kuwa busasshen buroshi ya isa. Tsofaffin sukurori, woshoshi, tsohuwar fata, feda, ko da sun lalace, tara su a leda su bi kayan.

Ganga mai tsirkiya, wadda makaɗa ke kira sineya, lissafinta daban ne, don sau da yawa ita kaɗai tana yin wani babban kaso na kuɗin saitin. Ludwig Supraphonic mai faɗin inci 14 da zurfin 5 misali ce mai kyau. Na farko-farko, na ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, jikinsu tagulla ne da aka shafe da kurom, daga baya aka koma alminiyam. Na tagulla sun fi nauyi sosai, sun kuma fi tsada. Na alminiyam su ne kurom ɗinsu ke yin ƙuraje yana ɓarewa. Mayen ƙarfe ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu, in ya kama jikin to baƙin ƙarfe ne, wata ganga ce daban. Don rabe biyun, kwance gidan sukuru ɗaya ka duba cikin ramin: ruwan ɗorawa tagulla, fari alminiyam. Kada ka kankare jikin don gwaji.

Simbal

Nan ne mutane suka fi yin kyauta da dukiyarsu ba su sani ba. Simbal ɗaya baƙi ƙirin da ke jingine a bayan kaya yana iya fin dukan gangunan kuɗi.

Tawadar da ake bugawa a kan simbal tana gogewa, abin nema shi ne hatimin da aka danna cikin ƙarfen, yawanci kusa da baki. Haska shi da tocila ta gefe, a kwance, sai rubutun ya fito. Iyalin Zildjian sun fara wannan sana'a a Istanbul a 1623, a 1929 kuma aka buɗe kamfanin Avedis Zildjian a jihar Massachusetts ta Amurka. Daga nan aka samu layi biyu. K. Zildjian na Istanbul, wanda aka ci gaba da ƙerawa da guduma a can har ƙarshen shekarun 1970, shi ne mafi tsada. Hatiminsa yana da jinjirin wata da tauraro da sunan Istanbul ko Constantinople, wasu kuma suna da sa hannu na tawada a ƙarƙashin ƙoƙon tsakiya, wanda man gogewa ke cinyewa cikin minti ɗaya. Na Amurka kuwa hatiminsa yana ɗauke da sunan Avedis, da rubutun da ke cewa simbal ne irin na Turkiyya, a ƙasa kuma an rubuta a Amurka aka yi. Mutane da yawa suna ganin kalmar Turkiyya su tallata shi a matsayin na Istanbul, cinikin ya ƙare da rigima. Haka nan harafin K da ke kan simbal na zamani ba ya nufin na Istanbul ne. Duk Zildjian mai lamba da aka zana da leza bai girmi 1994 ba. Sabian kuwa a 1981 aka kafa shi a Kanada, don haka babu Sabian na shekarun 1970.

A simbal ɗin kamfanin Paiste na Suwizalan, Formula 602 da Giant Beat da 2002 su ake nema. An fito da 2002 a 1971, masu baƙar tawada su ne na shekaru goman farko, daga 1981 aka koma ja. Galibin manyan simbal haɗin jan ƙarfe kashi 80 ne da kuza kashi 20, amma 2002 na kashi 92 da 8 ne kuma yana da daraja, saboda haka kada jan launi ya sa ka raina shi. Masu ruwan ɗorawa fatau, marasa nauyi, da ke zuwa tare da saitin koyo, su ne ba su da wani kuɗi.

Auna faɗi, sannan ka ɗora shi a sikeli ka rubuta nauyinsa da giram. Wannan adadi shi ne abu na farko da mai saye zai tambaya, domin shi ke gaya masa amon da zai ji. Simbal mai inci 20 da ke ƙasa da giram 2,000 siriri ne, wanda ya kai 2,500 mai kauri ne, kuma a tsofaffin Zildjian siriri ya fi kasuwa. Hai-hat, wato simbal biyu da ke kife a kan juna ana haɗa su da feda, a auna na sama daban, na ƙasa daban.

Yanzu aibi. Bi bakin da farce a hankali har ka zagayo, duk inda farcen ya maƙale ka tsaya ka duba. Ɗaga shi zuwa haske ka bi layukan da ke zagaye da shi, don tsaga tana son ɓuya a cikinsu, musamman a gindin ƙoƙo. Duba ramin tsakiya: in ya zama dogo maimakon da'ira, ƙarfen maɗori ne ya ci shi saboda an daɗe ana kaɗawa babu robar kariya. Wannan yana rage kuɗi kaɗan. Ƙananan tsagogi da ke fita daga ramin sun fi shi muni. Rataye simbal a yatsa ka buga, in ka ji zizar da ba ta kamata ba, akwai tsagar da ido bai gani ba. Tsagagge ma yana sayuwa, amma da sunan tsagagge. Baƙin da ya hau shi kuwa ka bar shi, akwai masu biyan kuɗi dominsa, wanda ba ya so zai goge da kansa.

Yanke farashi

Kuɗin da mutane ke nema ba shi ne farashi ba, kuɗin da aka biya shi ne. A eBay tace sakamako ya nuna waɗanda aka riga aka sayar, za ka ga na kwana 90 da suka wuce. Reverb ma, dandalin sayar da kayan kiɗa, yana da jagorar farashi da jerin abin da aka sayar. Nemo aƙalla biyar da suka yi daidai da naka a kamfani, zamani, awo, riga da lafiya. Jefar da mafi tsada da mafi araha, ka tsaya a tsakiyar sauran. A ce ka samu dala 1,500 da 1,800 da 1,900 da 2,100 da 3,200, to kasuwar tana wajen 1,900. Daga nan ka rage gwargwadon aibin naka, ka ɗora kamar kashi 10 cikin ɗari na ciniki. Sai ka cire kason dandali, kuɗin karɓar biya, kwali da jigila, ka ga abin da zai shigo aljihunka. Kason dandali yana canzawa, duba shi a ranar da za ka ɗora.

Wannan farashi na kasuwar Amurka da Turai ne. In a Jiji ko Facebook Marketplace za ka sayar wa makaɗan coci, na situdiyo ko na biki a gida, yawancinsu kayan aiki suke nema, ba za su biya kuɗin tarihi ba. Abin da muke ganin ya fi shi ne a raba: simbal masu daraja da sineya a nema musu kasuwar waje, tun da jigilarsu mai sauƙi ce, kowanne da tallarsa, hai-hat kawai ke tafiya biyu. Gangunan da suka fito tare kuwa kada a raba su. Wataƙila sayar da su ɗai-ɗai ya ɗan fi kawo kuɗi, amma saitin da ya shekara hamsin a haɗe in ya watse ba ya sake haɗuwa, kuma sau da yawa babbar gangar ce ke kwantai a hannunka. Maɗoran ƙarfe na zamani masu nauyi a sayar da su a gida.

Talla

Ɗauki hoto da rana a inuwa, a gaban bango marar ado. Saitin a haɗe ta gaba da baya, sannan kowace ganga ita kaɗai: bajo da lambarsa, ciki da hatimi, baki biyu, ɗinkin riga, da kowane aibi da tsabar kuɗi a gefensa don a ga girmansa. Simbal sama da ƙasa, hatimi, rami, da hotonsa a kan sikeli adadin yana nunawa. Ƙara bidiyo na daƙiƙa 30 zuwa 60, wayar tana nesa da kamar mita biyu, ba tare da gyaran sauti ba.

A kan tallar jera kamfani, samfuri, shekara, awo da riga, kamar haka: Ludwig Super Classic 1966 22/13/16 Oyster Black Pearl. A bayani faɗi wane adadi ne faɗi, wane ne zurfi, domin wasu suna fara rubuta wannan, wasu wancan. Sa aibi a sama, ba a ƙarshe ba. Shekarar da ba ka da hatiminta ka ce wajen kaza. Kalmar “duk na asali” kuwa kada ta fito daga bakinka sai ka bi kowane sukuru.

Kuɗi da jigila

Kafin ka ɗora a dandalin waje, tabbatar yana biyan masu sayarwa a ƙasar da kake zaune. Ciniki ya tsaya cikin dandali. Mai cewa ku koma gefe, mai turo fiye da kuɗin ya ce ka mayar da ragowa, mai cewa wakilinsa zai zo ya ɗauka kafin kuɗi su shiga, duk hanya ɗaya suka biyo. A cinikin hannu da hannu, alat na saƙon waya ba shaida ba ne, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar wurin. Ku haɗu a wuri mai jama'a, ka zo da wani.

Ganguna ana cusa su ne cikin juna. Cire fatu, zobba, ƙafafu da duk wani maƙali da ya turo, naɗe kowace ganga da leda mai kumfar iska, sa mai inci 13 cikin mai 16, ita kuma cikin mai 22, ka cike tsakaninsu da kwali har ba abin da ke motsi, domin gidan sukurun ƙaramar shi ke kwarzane cikin babbar. Mayar wa babbar fatunta da zobbanta su kare bakinta. Kwali ya zama mai ninki biyu, da tazarar santimita 5 ta kowane gefe. Sukurori a leda, kowace ganga da nata, a rubuce. Simbal kuma bakinsa ne ke mutuwa a hanya: zagaye shi da kwali ko roba, matse shi tsakanin fallayen kwali biyu, in sun fi ɗaya a sa takarda tsakaninsu, babba a ƙasa.

Nemi kuɗin jigila kafin ka sa farashi. Kamfanoni irin su DHL suna lissafi da girman kwali in ya fi nauyinsa: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5,000. Kwalin babbar ganga mai 66 da 66 da 50 zai fito kusan kilo 44, ko da a sikeli bai kai rabin haka ba. Rubuta ainihin kuɗin kayan a takardar kwastan, ka yi inshora a kan wannan adadi, ka sa sai an sa hannu a karɓa, ka kuma bayyana a talla cewa harajin shigowa na mai saye ne. Ɗauki hoton kowane mataki na ɗaurin kaya tare da lambobin bajo, ka ajiye su da rasit har wa'adin ƙorafi na dandalin ya wuce.